Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsuntsayen Teku Biyu da Halin da Suke Ciki

Gabatarwa

Kowa a ƙasarmu ya san shamuwa. In ta sauka a kan itatuwan gari, manomi ya san damina ta ƙarato, sai ya shiga gyaran garma da fartanya. In kaka ta yi kuma, sai a wayi gari ta tafi. Akwai wasu tsuntsaye masu irin wannan tafiya da dawowa kowace shekara, sai dai su hanyarsu a kan teku take.

A wannan nazari za mu duba biyu daga cikinsu. Dangin juna ne na kusa, kuma suna kama ƙwarai, har masanan tsuntsaye sukan rikita su idan suna nesa. Sukan yi sheƙa a tsibiri ɗaya, su kuma zo gaɓar tekun Afirka ta Yamma a lokaci ɗaya. A babban kundin duniya na halittun da ake tsoron ƙarewarsu, an sa su a aji ɗaya, wato ajin waɗanda babu fargaba a kansu. Duk da haka, ɗaya tana hayayyafa har a kan rufin gine-gine, ɗayar kuwa a Turai sai da aka ɗauki mutane aiki suna kwana a tsibiri suna gadinta kafin ta farfaɗo. Me ya kawo wannan bambanci? Abin da za mu bincika ke nan.

Waɗanne tsuntsaye ne waɗannan?

A Turanci ana kiran dangin nan tern. Farare ne masu dogayen fikafikai masu tsini, da wutsiya mai reshe biyu irin ta tsattsewa, da baƙin tabo a ka kamar hula. Saboda wutsiyar da yadda suke shawagi, bari mu kira su tsattsewar teku, ko da yake ba su da dangantaka da tsattsewar da ke sheƙa a gine-ginenmu. Abincinsu ƙananan kifi ne. Tsuntsuwar takan tsaya cak a sama tana kaɗa fikafikai tana leƙen ruwa, in ta hango kifi sai ta faɗo da ka, ta cafke shi da baki. Wanda ya taɓa zuwa fadamun Haɗeja da Nguru ko Tafkin Chadi da rani, mai yiwuwa ya ga wasu daga cikin danginsu na ruwan daɗi suna kai da kawowa a kan ruwa.

Ta farko, sunanta na kimiyya Sterna hirundo. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata shi a 1758, kuma kalmar hirundo a harshen Latin tana nufin tsattsewa. Saboda yawanta da yaɗuwarta, za mu kira ta Gama-gari.

Ta biyu kuwa Sterna dougallii. Wani likita ɗan Sikotland, Peter McDougall, shi ya harbo ta a wasu tsibiran ƙasarsa a 1812, ya lura ta bambanta da sauran. A 1813 George Montagu ya rubuta bayaninta, ya sa mata sunan likitan. A lokacin hayayyafa ƙirjinta yakan yi ruwan hoda kaɗan, don haka za mu kira ta Mai-hoda.

Yadda ake bambanta su da ido

Girmansu kusan ɗaya ne. Tsawon Gama-gari daga baki zuwa wutsiya santimita 31 zuwa 35 ne, nauyinta kuma ya ɗan haura giram 100, wato ba ta kai nauyin tantabara ba. Mai-hoda ma haka take, sai dai wutsiyarta ta fi tsawo. Ga alamu huɗu da ake dubawa.

Na farko, baki. Na Gama-gari ja ne mai baƙin tsini. Na Mai-hoda baƙi ne a farkon lokacin hayayyafa, daga baya gindinsa yakan yi ja.

Na biyu, baya. Bayan Gama-gari toka-toka ne, na Mai-hoda kuwa ya fi haske, har daga nesa sai a ga kamar fara fat ce.

Na uku, wutsiya. In Mai-hoda ta sauka, dogayen gashin wutsiyarta sukan zarce ƙarshen fikafikanta sosai. Na Gama-gari ba sa zarcewa.

Na huɗu, tashi. Fikafikan Mai-hoda sun fi gajarta, don haka takan kaɗa su da sauri-sauri.

Amma mu lura, waɗannan alamu na lokacin hayayyafa ne. Kafin su iso gaɓar Afirka, ruwan hodan ya koɗe, bakin Gama-gari ma ya koma baƙi, goshin kowacce ya yi fari. A nan kam sai gwani yake rarrabe su.

Bambancin da ya fi muhimmanci: yadda suke rayuwa

Launin baki da tsawon wutsiya ba su ne suka sa ɗaya ta wadata ɗaya ta shiga wahala ba. Asalin maganar tana cikin abin da kowacce take ci da inda take yarda ta yi sheƙa.

Gama-gari ba ta da tsirfa. Tana hayayyafa a Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, a bakin teku da kuma can cikin ƙasa, a tafkuna da tsibiran yashi na koguna da ramukan da aka haƙi tsakuwa suka cika da ruwa. In mutane suka yi mata dandamalin katako mai yawo a kan ruwa suka zuba tsakuwa a kai, za ta karɓa. A wasu biranen Turai har a kan shimfiɗaɗɗen rufin masana'antu take sheƙa. Tana cin kifin teku da na ruwan daɗi, da jatan lande, da ƙwari. Takan saka ƙwai har uku a fili, a ɗan rami cikin yashi ko tsakuwa, ta yi kwanci kamar mako uku. Ga ta kuma da faɗa. Duk wanda ya kusanci sheƙarta, mutum ne ko dabba, za su taso masa gungu guda suna kuka suna saran kansa, har sukan fitar da jini.

Mai-hoda kuwa 'yar teku ce zalla, ba ta shiga cikin ƙasa. A arewacin Tekun Atlantika abincin 'ya'yanta ya rataya ne a kan nau'in kifi kaɗan, musamman wani siririn kifi mai ɓuya a cikin yashin ƙarƙashin teku. Ta fi 'yar'uwarta iya nutso, takan faɗo daga nesa ta shiga ruwa da zurfi, amma in wannan kifi ya yi ƙaranci ba ta da abin komawa sosai. Ƙwanta ɗaya ne ko biyu. Ba ta son fili, sai ƙarƙashin dutse ko cikin ciyawa mai duhu ko wani rami. Ba ta kuma da zafin 'yar'uwarta, shi ya sa a Turai da Amurka kusan kullum a tsakiyar Gama-gari take sheƙa, ta fake da faɗansu.

Mu haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya. Mai-hoda tana bukatar tsibiri a cikin teku, wanda babu ɓera ko yanyawa a kansa, mai wurin ɓuya, kusa da inda irin kifinta yake taruwa, kuma wanda Gama-gari suka riga suka zauna. Wuraren da suka cika waɗannan sharuɗɗa duka ba su da yawa. In aka kori Gama-gari daga wani wuri, tana da wurare ɗari da za ta koma. In aka kori Mai-hoda, wataƙila babu wani.

Masifa ɗaya, farfaɗowa iri biyu

A ƙarshen ƙarni na 19, matan Turai da Amurka sun shiga yayin huluna masu ado da gashin tsuntsu, wani lokaci ma da tsuntsun gaba ɗaya a busar. Maharba suka riƙa shiga tsibirai a lokacin hayayyafa suna kashe tsuntsayen nan dubbai. Dukansu biyu suka kusa ƙarewa a gaɓar Amurka da wasu sassan Turai. Wannan ɓarna ce ta sa wasu mata a Ingila suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a 1889, wadda yau ake kira RSPB. A Amurka kuma aka yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura a 1918. Da aka daina harbin, dukansu suka fara dawowa.

Sai wata matsala ta biyo baya. Akwai wasu manyan tsuntsayen teku da Turawa ke kira gal, masu cin duk abin da suka samu. A ƙarni na 20 juji ya yawaita a biranen bakin teku, jiragen kamun kifi kuma suna zubar da tarkacen kifi, sai waɗannan manyan tsuntsaye suka samu abinci suka yi yawa. Su kan riga tsattsewar teku isa tsibiri, su mamaye wurin sheƙa, su kuma cinye ƙwai da 'ya'ya. Gama-gari ta rage, amma ta bazu zuwa wasu wurare. Mai-hoda kuwa sai ta matsu a tsibirai 'yan ƙalilan.

Masu ƙidayar tsuntsayen teku sheƙa suke ƙirgawa, kowace sheƙa tana nufin mace da namiji. A ƙidayar da aka yi a Birtaniya da Ailan a 1969 zuwa 1970, an sami sheƙar Mai-hoda fiye da 2,000. Kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma wajen 500. A Amurka, gwamnati ta sa Mai-hodan arewa maso gabashin ƙasar cikin jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a 1987. Har yau mafi yawansu a tsibirai uku kawai suke sheƙa: Great Gull a jihar New York, da Bird da Ram a jihar Massachusetts. A watan Afrilu na 2003 wani jirgin dakon mai ya yi haɗari a mashigin ruwan da tsibiran Bird da Ram suke, mai ya malala har gaɓar Ram, daidai lokacin da tsuntsayen ke dawowa. Wannan ya nuna yadda haɗari guda zai iya taɓa babban kaso na jinsi in duk sun taru wuri ɗaya.

Abin da ya faru a gaɓar Ghana

A nan ne labarin ya iso yankinmu. Masana sukan sa wa 'ya'yan tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa tun suna sheƙa, domin in aka tsinci tsuntsun a wani wuri a san inda ya fito. Ta haka aka gane cewa Mai-hodan Birtaniya da Ailan, da zarar sun gama renon 'ya'ya wajen watan Agusta da Satumba, sai su nufo Afirka ta Yamma, musamman gaɓar Ghana. Dalili kuwa abinci ne. A wannan gaɓa, daga wajen Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku da abin da ƙananan kifi ke ci, sai kifi dangin sadin su yi yawa. Ƙananan tsuntsayen ma ba sa komawa Turai a shekarar farko. Sukan zauna a ruwan Afirka har su girma, yawanci sai sun kai shekara uku suke fara sheƙa.

Zoben nan ya kuma tona wani abu. Da yawa daga cikin waɗanda aka samo a Ghana, a hannun yaran garuruwan masunta aka same su. Yaran sukan ɗana tarko mai zarge a kan yashi, su sa ɗan kifi a tsakiya, tsuntsuwa ta sauko ɗauka sai zaren ya kama ta. Wasu don nama suke yi, wasu don wasa, wasu kuma don zoben. Yaro ba ya bambanta Gama-gari da Mai-hoda, duk wadda ta faɗa tarko shi ke nan. Amma asarar ba ɗaya ba ce. Tsuntsu ɗari daga cikin miliyoyi ba ya girgiza jinsi, ɗari daga cikin 'yan dubbai kuwa babban giɓi ne.

Abin koyi shi ne yadda aka bi da al'amarin. A 1985 gwamnatin Ghana ta haɗa kai da RSPB da wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, wadda yanzu ake kira BirdLife, suka fara shirin ceton tsuntsayen gaɓar teku. Wata masaniya 'yar ƙasar, Yaa Ntiamoa-Baidu, wadda ta zama farfesa a Jami'ar Ghana da ke Legon, ita ta jagoranci aikin. An yi doka da ta hana kama tsuntsayen, amma ba a tsaya ga doka kaɗai ba. An kafa ƙungiyoyin son namun daji a makarantu, aka riƙa nuna wa yara irin tafiyar da tsuntsun da ke hannunsu ya yi kafin ya iso garinsu. A 1992 kuma aka sa wurare biyar na bakin tekun Ghana cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu, da Muni-Pomadze. Aikin da aka fara saboda tsuntsuwa ɗaya ya amfani dukan tsuntsayen da ke sauka a wuraren, har da masuntan da ke cin abinci daga tafkunan.

Abin da aka yi a wurin sheƙa

A can arewa ma ba a zauna ba. Kusa da birnin Dablin na ƙasar Ailan akwai wani ɗan tsibirin dutse mai suna Rockabill, wanda bai fi filin ƙwallo ba, da hasumiyar fitila mai yi wa jiragen ruwa jagora. Tun 1989 ake tura masu gadi su zauna a kansa duk lokacin hayayyafa. Suna rage ciyawar da ta yi yawa, suna korar manyan tsuntsaye masu cin ƙwai, suna hana mutane sauka barkatai. Sun kuma jera ɗaruruwan ƙananan akwatunan katako a ƙasa, masu ƙofa a gefe. Da yake Mai-hoda mai son ɓuya ce, sai ta karɓi akwatunan, 'ya'yanta suka sami mafaka daga ruwan sama da maƙiya. Lokacin da aka fara, sheƙar Mai-hoda a tsibirin ba ta kai 200 ba. Yau ta haura 1,500, kuma nan ne mafi girman mazauninta a Turai duka.

An kwaikwayi wannan dabara a tsibirin Coquet da ke arewa maso gabashin Ingila, inda sheƙa ta ƙaru har ta haura 150 a 2022. Amma a wannan shekarar ce murar tsuntsaye, irin wadda masu kiwon kaji a ƙasarmu suka sani, ta faɗa wa tsibirin, ta kashe tsuntsaye da yawa, har da Mai-hoda. Aikin shekara ashirin ya ga girgiza cikin makonni. Nasarar gaskiya ce, amma tana tsaye a kan tsibirai biyu ko uku. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin gyara tsofaffin tsibiran da tsuntsuwar ta bari, a jawo Gama-gari su zauna tukuna, da fatan Mai-hoda za ta biyo su.

To, me ya sa kundin duniya ya ce babu fargaba?

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda aka kafa a 1948, tana ajiye wani kundi tun 1964 da ake kira Jan Kundi. A cikinsa ana jera halittu aji-aji, daga waɗanda babu fargaba a kansu, zuwa waɗanda suka kusa shiga haɗari, da masu rauni, da waɗanda ke cikin haɗari, da waɗanda ke bakin ƙarewa, har zuwa waɗanda suka ƙare. Akwai ma'auni. Misali, ana iya sa jinsi a ajin masu rauni idan yawansa a duniya ya ragu da kashi 30 cikin 100 a shekara goma ko a zuriya uku, ko kuma idan wurin zamansa ƙanƙane ne ƙwarai.

Gama-gari tana da miliyoyi a nahiyoyi da dama, don haka matsayinta a bayyane yake. Mai-hoda ba ta kai ko kusa da haka ba, amma ita ma ta bazu. Ban da na Turai da Amurka, akwai ta a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, da yankin Karebiyan, da gaɓar Afirka ta Gabas, da tsibiran Tekun Indiya, har Ostireliya da Japan. In aka haɗa su duka, ba ta cika sharuɗɗan shiga ajin haɗari ba.

Kundin bai yi ƙarya ba, amma lissafin duniya gaba ɗaya yake yi. Kamar a auna hatsin da aka noma a ƙasa duka a ce ya isa, alhali akwai ƙauyen da rumbunansa babu ko tiya. Tsuntsayen nan kuma sukan koma yankin da aka ƙyanƙyashe su ne su yi sheƙa. In na Ailan suka ƙare, na Ostireliya ba za su zo su maye gurbinsu ba. Saboda haka ƙasashe suke da nasu jerin. A Birtaniya Mai-hoda tana ajin da ya fi kowanne damuwa, Gama-gari kuwa tana aji na tsakiya.

Kada kuma mu ɗauka Gama-gari ta tsira ke nan. A manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada ta ragu har wasu jihohi sun sa ta cikin jerin masu bukatar kariya. A Turai, gyaran koguna da gina madatsun ruwa sun shafe tsibiran yashi da dama da take sheƙa a kai. Murar tsuntsaye ma ba ta ƙyale ta ba.

Kammalawa

Abu uku za mu riƙe daga wannan nazari.

Na ɗaya, kama da wane ba ta wane. Halittu biyu za su iya yin kama a ido, a kuma rubuta su a aji ɗaya, amma abin da ɗaya za ta jure ɗayar ba za ta jure ba. Wanda zai kiyaye halitta sai ya san abin da take ci, da inda take kwana, da hanyar da take bi.

Na biyu, kiyaye mai rauni yakan bi ta kan mai ƙarfi. Ba a iya ceton Mai-hoda ba tare da Gama-gari ba, domin a inuwarta take renon 'ya'yanta.

Na uku, tsuntsu mai ƙaura amana ce a hannun ƙasashe da yawa. Da mai gadi a Rockabill da malamin makaranta a Keta aiki ɗaya suke yi, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Nijeriya da Ghana duk sun sa hannu a yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, kuma tsuntsayen nan biyu suna cikin waɗanda ta shafa. Mu da muke nesa da teku, namu rabon yana fadamun Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi, da kududdufan da ke bayan garuruwanmu, inda tsuntsaye baƙi ke sauka kowane rani. Idan yaro ya kawo tsuntsu mai zobe a ƙafa, kada mu tsaya ga tsawa kawai. Mu karanta lambar tare da shi, mu gaya masa cewa wani ne a wata ƙasa mai nisa ya sa wannan zobe yana jiran ya ji inda tsuntsun ya kai, sa'an nan mu sake shi ya tafi.